Damuwa da cututtukan gaɓoɓi na garkuwar jiki

A cututtuka irin su lupus da amosanin gaɓoɓi, garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita, sai gaɓoɓi su kumbura, su sandare da safe.

Ba damuwa kaɗai ke kawo su ba. Gado da shan taba ma suna da hannu. Amma doguwar damuwa tana dagula aikin kotisol, sinadarin da ke kwantar da kumburi, shi ya sa ciwon kan tashi bayan rasuwa ko mutuwar aure. Wani bincike na 2018 a Suwidin ya nuna masu larurar damuwa sun fi kamuwa da cututtukan garkuwar jiki.

Majinyaci ya samu isasshen barci, ya riƙa motsa jiki, ya sanar da likita halin da yake ciki. Kada ya daina shan magani.