Lauyan Wa Ne Lauyan Birni? Tarihin Wani Ofishi a New York

Birnin New York na da wani babban jami'i da sunansa ba ya yawan fitowa a jarida, amma da wuya birnin ya ƙulla babbar kwangila, ko ya ci bashi, ko ya karɓi filin wani don aikin jama'a, ba tare da takardar ta bi ta ofishinsa ba. A Turance ana ce masa Corporation Counsel, wato lauyan hukumar birni. Sunan yakan rikita mai jin Turanci, domin kalmar farko ta fi kama da kamfanin kasuwanci. Asalinta daga dokar Ingila ne, inda sarki kan ba gari takardar izini wadda ke mayar da shi tamkar mutum a idon shari'a: ya mallaki dukiya, ya ƙulla yarjejeniya, ya kai ƙara, a kuma kai ƙararsa. New York ta sami irin wannan takarda a 1686 daga hannun gwamna Thomas Dongan. Duk wanda za a iya kai ƙararsa kuwa, dole ya nemi lauya.

Sai dai birni ba shi da baki. Lauyan da ɗan kasuwa ya ɗauka ya san wanda zai tambaya abin da yake so. Shi kuwa lauyan birni magajin gari ne ke naɗa shi, majalisar birni na neman shawararsa, ɗan sandan da aka kai ƙara na jiran kariyarsa, albashinsa kuma daga harajin talaka yake fitowa, har da talakan da ya kai ƙarar. Muddin bukatun waɗannan sun zo ɗaya, aiki na tafiya lami lafiya. Ranar da suka saɓa ake gane wanda ofishin yake wa aiki, kuma a irin waɗannan ranakun ne aka fi ganin tarihinsa.

Mai karatu da ya saba da tsarin Nijeriya zai iya kwatanta shi da Antoni Janar na jiha, amma akwai bambanci babba. Antoni Janar namu shi ne mai ba gwamnati shawara, shi ne kuma ke da ikon gurfanar da masu laifi. A New York an raba ayyukan biyu. Gurfanar da manya da ake zargi da laifi aikin masu gabatar da ƙara ne guda biyar, kowace gunduma da nata, kuma jama'a ke zaɓensu. Sashen shari'a na birni, mai ɗaruruwan lauyoyi, shi ke duba kwangiloli, ya tsara rubutun dokokin birni, ya ba ma'aikatu shawara, ya kare birnin a kotu, ya kuma kai ƙarar wasu a madadinsa. A ɓangaren laifi, abin da ke hannunsa shi ne shari'ar ƙananan yara a kotun iyali.

Babbar jarrabawar farko ta zo ne a zamanin William Tweed, jagoran Tammany Hall, ƙungiyar da ke riƙe da jam'iyyar Dimokurat a birnin. Shi da abokansa, ciki har da magajin gari Oakey Hall da kwanturola Richard Connolly, sun mayar da baitulmalin birni saniyar tatsa. Ginin kotun gunduma da aka fara ware wa dala dubu 250 ya lashe sama da miliyan 12. An rubuta wa wani mai yaɓen bango sama da dala dubu 130 a matsayin ladan aikin kwana biyu. A watan Yulin 1871 jaridar New York Times ta fara buga lissafin da aka kwafo daga littattafan kwanturola, asiri ya tonu.

Kuɗin birni aka sace, saboda haka a ƙa'ida lauyan birni ne ya kamata ya bi sawunsu. Amma mai riƙe da ofishin a lokacin, Richard O'Gorman, da goyon bayan Tammany ya hau kujerar. Masu neman gyara, Samuel Tilden a gaba, ba su yarda kura za ta kai ƙarar 'yar'uwarta da gaske ba, sai suka bi ta gwamnatin jiha, aka ɗora wa fitaccen lauya Charles O'Conor nauyin shigar da ƙara da sunan al'ummar jihar. Ofishin O'Gorman shi ma ya shigar da tasa ƙarar, abin da masu neman gyaran suka ɗauka dabara ce ta shan gaban tasu. A 1874 kotun ƙoli ta jihar ta yanke cewa jiha ba ta da hurumin neman kuɗin da ba nata ba. Ma'anar hukuncin a aikace ita ce, mai ikon neman kuɗin shi ne hukumar da ɓarayin suka mamaye. Sai da majalisar jiha ta yi sabuwar doka a 1875 kafin aka iya shigar da ƙarar neman dala miliyan 6 a kan Tweed. Ya tsere zuwa Sifaniya, aka kamo shi, ya mutu a kurkuku a 1878.

A 1875 ɗin ne aka naɗa wani matashin lauya, William Whitney, a kujerar. Ya tarar da dubban ƙararraki na 'yan kwangilar zamanin Tweed masu neman a biya su, da yawa a cikinsu na bogi. Maimakon a ci gaba da sasantawa a bayan fage, ya tsara ofishin ya riƙa ƙalubalantar su ɗaya bayan ɗaya, har zuwa saukarsa a 1882. Daga baya ya zama sakataren rundunar sojan ruwa a gwamnatin Grover Cleveland. A ganina, a zamanin Whitney ne ofishin ya kama ɗabi'ar da yake da ita har yau: kallon duk mai neman kuɗi daga birni da idon zargi, da ɗaukar tsaron baitulmali a matsayin aikin farko. Ɗabi'a ce mai kyau a kan 'yan kwangilar bogi. Tana da wata fuska idan mai neman kuɗin mutum ne da aka zalunta.

Ga misali mai sauƙi. Wanda ya ji rauni saboda sakacin birni yana da kwana 90 kacal ya sanar da hukuma a rubuce, in ya wuce haka ƙararsa na iya mutuwa tun ba a duba gaskiyarta ba. A 1979 birnin ya ƙara wani sharaɗi: ba za a kama shi da laifi kan ramin titi ko fashewar hanyar masu tafiya a ƙafa ba sai in an riga an sanar da shi wannan ramin a rubuce. Lauyoyin masu ƙara ba su tsaya jayayya ba. A 1982 ƙungiyarsu ta kafa wani kwamiti, ta ɗauki ma'aikata suna zagaya unguwanni suna zana taswirar kowane rami da kowace tsaga, ana kai wa hukuma. Daga nan duk wanda ya faɗi, sai lauyansa ya buɗe taswira ya nuna cewa an sanar. An shafe shekara ashirin ana wannan wasan ɓuya kafin dokar 2003 ta mayar da alhakin mafi yawan hanyoyin ƙafa kan masu gine-ginen da ke bakinsu.

Canjin da ya fi girma daga kotun ƙolin Amurka ya zo, kuma tushensa wata doka ce da aka yi a 1871, shekarar da asirin Tweed ya tonu. Majalisar tarayya ta yi ta ne don kare baƙaƙen fatar da aka 'yanta daga ta'addancin ƙungiyar Ku Klux Klan a kudancin ƙasar. Ta ba kowa damar kai ƙarar duk "mutumin" da ya fake da ikon hukuma ya tauye masa haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi. Dokar ta yi kusan shekara casa'in a kwance. A 1958 'yan sanda goma sha uku suka kutsa gidan wani baƙar fata mai suna James Monroe a birnin Chicago da asuba, ba tare da takardar izinin bincike ba, suka tsayar da shi da matarsa tsirara a falo, suka birkita gidan, suka tsare shi sa'o'i goma sannan suka sake shi ba tuhuma. A 1961 kotun ƙoli ta ce yana iya kai ƙarar 'yan sandan, amma ba birnin ba, domin a ma'anar wannan doka birni ba mutum ba ne. Abin mamaki ne, in aka tuna cewa zamansa mutum a idon shari'a shi ne dalilin da ya sa yake da lauya tun asali.

New York ce ta yi sanadin rushewar wannan katanga, ba da son ranta ba. A 1971 wasu mata ma'aikatan sashen jin daɗin jama'a da hukumar ilimi, Jane Monell a cikinsu, suka kai ƙara saboda ana tilasta wa masu juna biyu tafiya hutu ba albashi tun kafin lafiyarsu ta bukaci haka. Birnin ya canza tsarin ana cikin shari'a, amma ya ƙi biyan albashin da suka rasa, yana dogaro da hukuncin 1961. A ranar 6 ga Yunin 1978 alƙalai bakwai cikin tara suka warware wancan ɓangare na hukuncin. Birni mutum ne, ana iya kai ƙararsa. Sai dai sun gindaya sharaɗi: ba a kama birni don kawai ma'aikacinsa ya yi laifi, sai an nuna cewa laifin ya fito daga wata manufa ta hukuma ko wata al'ada da ta kafu a cikinta. Shekara biyu bayan haka kotun ta ƙara da cewa birni ba zai tsira da hujjar cewa da kyakkyawar niyya ya yi ba.

A cikin wannan watan na Yunin 1978, kwana ashirin bayan shan kaye a shari'ar Monell, lauyoyin birnin suka yi nasara a kotun ƙolin kan kamfanin jirgin ƙasa na Penn Central, wanda ya so ya ɗora bene mai hawa sama da hamsin a kan tsohuwar tashar Grand Central. Kotun ta tabbatar da ikon birni na kare gine-ginen tarihi. Ofishi ɗaya ne, a wata ɗaya: ya tsaya kan hana mata haƙƙinsu, ya kuma tsaya kan kare dukiyar al'umma daga babban kamfani. Ban ga saɓani a nan ba. A duka biyun yana kare matsayin da hukuma ta riga ta ɗauka ne.

Sharaɗin "manufa ko al'ada" ya haifar da wani abin da alƙalan ƙila ba su hango ba. Tun da yanzu amincewa cewa akwai mummunar al'ada a rundunar 'yan sanda na nufin buɗe ƙofar biyan diyya, lauyan birni ya sami dalilin musanta ta ko da kowa na ganinta. Dokar jiha kuma ta ba shi ikon yanke shawara ko zai kare ma'aikacin da aka kai ƙara, kuma a mafi yawan lokuta birni ne ke biyan diyyar a madadin ɗan sandan.

Shari'o'i biyu sun nuna inda wannan ke kaiwa. A 1989 aka kama samari biyar, baƙaƙe da ɗan asalin Latin Amurka, masu shekara 14 zuwa 16, kan harin da aka kai wa wata mata a dandalin Central Park, aka ɗaure su. A 2002 wani fursuna ya amsa cewa shi ya aikata, gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar, kotu ta soke hukuncin. Suka kai ƙarar birni a 2003. Ofishin lauyan birni a ƙarƙashin Michael Cardozo, wanda magajin gari Michael Bloomberg ya naɗa, ya shafe shekara goma yana jayayya, bisa hujjar cewa 'yan sanda da masu gabatar da ƙara sun yi aiki da dalilin da ke gabansu a lokacin. Ta biyun ita ce shari'ar tsayar da mutane a titi a caje su, abin da 'yan sandan birnin suka yi sama da sau dubu 685 a 2011 kaɗai, akasari ga baƙaƙe da 'yan Latin Amurka, kuma kusan tara cikin goma an sallame su ba a same su da komai ba. A watan Agustan 2013 mai shari'a Shira Scheindlin ta yanke cewa yadda ake yin hakan ya saɓa tsarin mulki. Birni ya ɗaukaka ƙara nan take.

Ranar 1 ga Janairun 2014 Bill de Blasio ya hau kujerar magajin gari, ya naɗa Zachary Carter. Kafin watan ya ƙare aka sanar da shirin janye ɗaukaka ƙarar. Cikin shekarar aka sasanta da mutanen biyar kan dala miliyan 41, kusan miliyan ɗaya ga kowace shekarar da kowannensu ya yi a tsare, ba tare da birni ya amsa laifi ba. Doka ba ta canza ba, hujjoji ba su canza ba, mafi yawan lauyoyin da ke ofishin ma su ne dai. Wanda ke faɗin abin da birni yake so ne ya canza. Za a iya cewa dimokuraɗiyya ke nan, tunda masu zaɓe sun san matsayin de Blasio kafin su zaɓe shi. Amma hakan na nufin shekara goma sha ɗaya na jiran mutanen nan ya rataya ne a kan sakamakon zaɓe. Kuɗin kuma, kamar galibin irinsu, daga babban asusun birni suka fito, kasafin rundunar 'yan sanda bai ji a jikinsa ba.

Mazauna birnin sun ɗan taɓa tsarin a Nuwamban 2019, inda suka kaɗa ƙuri'ar gyara kundin mulkin birni ta yadda magajin gari ba zai naɗa lauyan ba sai da amincewar majalisa. Gyaran ya nuna tasirinsa a 2024. Magajin gari Eric Adams ya gabatar da Randy Mastro, gogaggen lauya wanda ya taɓa zama mataimakin magajin gari a zamanin Rudy Giuliani. Kansiloli suka zaunar da shi wuni guda suna yi masa tambayoyi, da yawansu kan ko zai iya wakiltar majalisa yadda zai wakilci wanda ya kawo shi. A watan Satumba, kafin a kai ga ƙuri'a, ya janye sunansa.