Gidan Zuhudu na Bakfas da Ƙudan Zumansa

Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in kawo tarihin wani gidan zuhudu na Kirista da ke Bakfas, a bakin kogin Dat, cikin lardin Debon na ƙasar Ingila. Gidan zuhudu kuwa, watau wurin da maza su ke keɓe kansu don ibada da aikin hannu, ba aure, ba tara dukiya.

An kafa gidan a 1018, zamanin Sarki Kanut. Shekaru aru-aru mazaunansa suna kiwon tumaki, mutanen ƙauyukan kewaye kuma suna cin abinci ta sana'ar ulu. A 1539 Sarki Henri na Takwas ya rufe shi, aka kori masu ibada, ginin ya zama kufai. Sai a 1882 waɗansu 'yan zuhudu daga Faransa suka zo suka zauna. A 1907 suka fara sake gina majami'ar da hannunsu, galibi ba su wuce mutum shida a bakin aiki ba, har suka gama bayan shekara talatin da 'yan kai. Lalle mahaƙurci mawadaci.

To, amma wani abin da ya kai sunan Bakfas nesa shi ne zuma. Wani yaro Bajamushe, wanda daga baya a ke kira Ɗan'uwa Adam, ya shiga gidan a 1910. Ya fara taimakawa wajen kiwon zuma sa'ad da wata annoba ta ke ƙarar da ƙudan zuman Ingila. Daga cikin amya 46 da gidan ke da su, 16 kaɗai suka tsira, a cikinsu akwai masu jinin ƙudan Italiya. Adam ya lura da wannan. Da aka danƙa masa kiwon a 1919, sai ya shiga haɗa iri da iri. A 1925 ya buɗe wurin barbara can cikin tuddan Datmo, inda baƙin ƙudan zuma ba sa zuwa su gurɓata masa iri. Ya yi ta yawon neman sarauniyoyi a Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka, har ya sami irin da a ke kira ƙudan Bakfas, mai jure cuta, marar yawan harbi. Ya rasu a 1996.

A nawa ganin, ba duwatsun ginin ne suka raya Bakfas ba, domin an taɓa rushe su. Aikin yau da gobe ne, wanda babba ke koya wa ƙarami. Shi ya sa gidan ya buɗe wa mutanen gari ƙofa su zo su koyi kiwon zuma. Sana'ar da ba ta da magaji kuwa, ranar da gwaninta ya kwanta dama, ranar a ke binne ta.

Allah ya sa mu amfana, amin.