Jita Bas 'Yar Kwatano

Wata ranar Asabar da la'asar, na sauka daga shirin zaɓi-sonka ke nan, sai na tarar da mutum uku a gindin darbejiyar da ke ƙofar gidan rediyonmu a nan Malanville, sun sa wata jita bas a tsakiya suna ta musu. Ɗaya saurayi ne mai kiɗa a coci, shi ke son saye. Na biyu makaɗin biki ne, shi ke son rabuwa da ita. Na ukun kuwa dattijo ne da ya yi kiɗa a Yamai tun muna zanen goyo, yanzu ya koma fataucin albasa. A kan jitar an rubuta Fender ɓaro-ɓaro. Dattijon ya ɗaga ta, ya kanne ido ɗaya yana leƙen wuyanta kamar maharbi, ya ƙwanƙwasa bayanta, sannan ya ce wa mai ita: "Yaro, sunan dai na Amurka ne, amma katakon nan ko labarin Amurka bai taɓa ji ba." Aka tuntsire da dariya, har da mai kayan.

Na tambayi mai ita inda ya samo ta. Ya ce wurin wani direban babbar mota, shi kuma direban a Parakou ya saya, na Parakou ya ɗauko ta a Kwatano cikin wata tsohuwar mota da ta sauka daga Turai. Daga nan sawu ya ɓace. Na sake tambayar su ukun ko akwai wanda ya taɓa sayen bas sabuwa fil a kwali. Babu ko ɗaya. Amsar nan ce ta sa na bi diddigin al'amarin, kuma abin da na gano shi ne, tarihin bas a wannan yanki namu tarihin kayan hannu ne da na masu gyara su.

Bari mu faro daga tushe. Kafin zuwan lantarki, mai son kauri a ƙasan kiɗa sai ya yi dakon wani ƙaton goge mai tsayin mutum, wanda ake bugawa a tsaye. Ga nauyi, ga shi ganguna da kakaki suna danne muryarsa. A tsakiyar shekarun 1930 wani mutumin Seattle mai suna Paul Tutmarc ya ƙera bas ta lantarki da ake rataya ta kamar jita, amma ba ta samu kasuwa ba. Sai a 1951 Leo Fender ya fito da Precision Bass a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, duniya ta karɓa. A 1960 ya ƙaro ƙanwarta Jazz Bass mai siririn wuya.

Abin da ya fi jan hankalina game da Leo Fender shi ne, asalinsa mai gyaran rediyo ne, kuma bai iya kaɗa jita ba. Saboda haka da idon mai gyara ya ƙera kayansa. Wuyan jitar da kusoshi huɗu ya ɗaure shi a jikinta, in ya lalace a kwance a sa wani. Wayoyin cikinta 'yan kaɗan ne, duk wanda ya iya riƙe ƙarfen dalma zai gane kansu. Tsirkiya huɗu ce, waɗanda makaɗanmu na ƙasashen Faransanci ke kira Mi, La, Re, Sol. Wannan sauƙin ne ya sa kamfanonin Japan, daga baya na Koriya da Sin, suka yi ta kwaikwayon ƙirar, kuma shi ne ya sa take iya rayuwa a garin da ba shi da shagon kayan kiɗan zamani ko ɗaya.

Lokacin da bas ta bazu a Afirka, a shekarun 1960 da 1970, makaɗi ba ya mallakar abin da yake kaɗawa. Kayan na mai gidan rawa ne, ko na wani attajiri, ko na gwamnati. Sunayen ƙungiyoyin ma sun isa shaida. OK Jazz ta Franco, da aka kafa a Kinshasa a 1956, daga mashayar OK Bar ta samo suna. Orchestra Baobab ta Dakar sunan gidan rawar da take wasa ta ɗauka a 1970. Rail Band ta Bamako kuwa ta hukumar jirgin ƙasa ce. A Gini gwamnatin Seku Ture ce ke sayen kaya ta raba wa ƙungiyoyi. Ranar da kuka saɓa da mai kaya, ranar ka koma gida da 'yan yatsunka kawai. Kowa ya san kayan aro ba ya rufe katara.

A nan ƙasarmu, a ƙarshen shekarun 1960 Mélomé Clément ya kafa ƙungiyar da ta zama Orchestre Poly-Rythmo de Cotonou. Duk wanda ya saurari faya-fayansu zai ji yadda bas ɗin Gustave Bentho ke riƙe ƙugun waƙa tsakanin gangunan gargajiya da muryoyi. Mu 'yan arewa kuma muna da Super Borgou de Parakou ta Moussa Mama, masu waƙa da Baribanci da Dandanci. Kamfanin Albarika Store ya buga wa ƙungiyoyin biyu faya-fayai, kuma kamfanin Analog Africa na Jamus ya sake fito da waƙoƙin Super Borgou a 2012. A tsallaken kogi, Nijar ta ƙirƙiro gasar Dan Gourmou don ƙarfafa kiɗan zamani, sannan aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Elhadj Taya a Yamai, inda ƙungiyar Mamar Kassey ta Yacouba Moumouni ta samo tushe. Can ma dai hukuma ce ke da kaya, matasa su zo su taɓa.

To yaya aka yi talaka ya fara mallakar tasa? Amsar tana kan hanyar da ta ratsa garin nan. Kaya na sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a da jirgin ƙasa ya kawo su Parakou, tafiyar kilomita 438, daga nan manyan motoci su biyo ta Kandi zuwa Malanville, su haye gada zuwa Gaya, sai Dosso, sai Yamai. Da cinikin tsofaffin motocin Turai ya bunƙasa, ba a turo mota fayau. Ana cika ta da firji, da talabijin, da tayoyi, wani lokaci har da jita da ampili da wani yaron Bature ya gaji da su. Shi ya sa har yau a Kano da Sakkwato in an ce abu ɗan Kwatano ne, kowa ya san na hannu ake nufi.

Sai kuma watan Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi. Faran ɗin Faransa guda da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ke fitowa daga waje ya ninka kuɗi dare ɗaya. Wanda ke mafarkin sabuwar bas ya haƙura, gwanjo ya zama gatan kowa.

Sai dai kayan hannu da ciwonsu suke zuwa, ƙasarmu kuma ta ƙara musu nata. Katakon da ya saba da danshin Turai, in hunturu ya busa shi sai ya tsuke, ƙarafunan wuya su fito gefe suna yankan hannu. Damina ta zo ya kumbura, wuyan ya lanƙwashe. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake ɗaurewa ko a sassauta don miƙar da shi, amma sau da yawa sai a tarar wani ya riga ya cinye kan kusar da makullin da ba nata ba. Ƙura na shiga maɓallan sauti su dinga ƙara. Bas mai aiki da batiri mai bolt 9, irin wadda Music Man StingRay ta yayata tun 1976, takan mutu ana tsakar biki, shi ya sa da yawa ke cire wannan sashen su mayar da ita ta gargajiya. Ampilin da aka yi wa wutar Amurka mai bolt 110 kuwa, in aka jona shi a tamu mai 220, hayaƙi ne zai ba da labari.

Wa ke maganin duk wannan? Mai gyaran rediyo da kafinta. Ɗaya ya liƙa waya, ɗaya ya goge ƙarfe ya cike tsaga. Tsirkiya kuma, da yake tana da tsada, in ta dushe sai a tafasa ta a tukunya datti ya fita, ta ɗan farfaɗo. A nan ma ukun nan sun yi musu. Saurayin coci na son ƙarar sabuwar tsirkiya, dattijon ya ce tsohuwa ta fi zaƙi. Yana da abokin ra'ayi: James Jamerson, wanda ya buga bas a yawancin fitattun waƙoƙin kamfanin Motown, ba ya sauya tsirkiya sai in ta tsinke.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da kuntigi, wanda gwangwanin kifi ne da fatar akuya da tsirkiya ɗaya. Richard Bona na Kamaru, ɗaya daga manyan masu bas na duniya a yau, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko, haka ma Mdou Moctar na Nijar. Mamman Sani da tsohon ogan ɗan Italiya da ya saya a hannu ya yi kaset ɗinsa na 1978, wanda aka sake bugawa a Amurka a 2013. A can waje ma haka abin yake. Jaco Pastorius ya cire ƙarafunan wuyan Jazz Bass ɗinsa ta 1962, ya shafe wuyan da irin ƙaron da ake liƙe jirgin ruwa da shi, ya fito da sautin da har yau ake kwaikwayo. Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu, wanda ya buga wa Paul Simon bas a faifan Graceland na 1986, ya sha faɗin cewa ya sayi tasa marar ƙarafu ne don ita ta fi araha a shagon.

Abin da ya fi girgiza masu bas bai zo daga hunturu ba. Daga ƙarshen shekarun 1990, fiyanon Yamaha ya mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, waƙoƙin finafinan Hausa suka cika kasuwanninmu. Na'ura ɗaya, mutum ɗaya, ga ganga ga sarewa ga bas a hannun hagu. Mai biki ya ga biyan mutum biyu ya fi biyan bakwai. Dalilin da ya sa makaɗin bikin nan ke sayar da tasa ke nan: ƙungiyarsu ta sayi fiyano, shi kuma an mayar da shi mai jan waya. Inda bas ta tsira su ne coci-coci, da ƙungiyoyi masu kiɗan kai tsaye irin Tal National ta Yamai.

Na baya-bayan nan kuma shi ne rufe gada. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023, an toshe hanyar Malanville zuwa Gaya. Ko da ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, ɓangaren Nijar bai buɗe ba. Makaɗan da suka saba yin biki a Gaya da dare su kwana a gida suka koma shiga kwalekwale, bas a naɗe cikin leda a kan cinya, ampili a ka. Aron kaya tsakanin garuruwan biyu, wanda shi ke rufa wa kowa asiri, ya yi wuya.

Mu koma gindin darbejiya. Dattijon ya gindaya wa saurayin sharuɗɗa kafin ya biya. A duba wuya ko ya murɗe, don lanƙwasa tana gyaruwa, murɗewa kuwa sai sabon wuya. A gwada kusar sandar ƙarfe ko tana juyawa. A danna kowane gida a ji ko yana zuza. A jona ta a ampili a saki tsirkiya a saurari gurnani. Suna kuwa a bar shi a ƙarshe, tunda takardar manne ba ta kiɗa. Aka kira mai gyaran rediyon da ke kusa ya buɗe murfin. A ciki muka ga waya kala uku, da liƙin dalma na hannu daban-daban, da guntun robar tayar keke da wani ya cusa don ɗaga maganaɗisun da ke ɗaukar sauti. Aƙalla mutum uku sun yi jinyar jitar nan kafin ta iso mu, kuma ba mu san sunan ko ɗaya ba.

Wannan ne ya tsaya mini a rai. Mun san shekarar da Leo Fender ya ƙera tasa da garin da ya ƙera ta, amma wanda ya fara rataya bas a Malanville ko a Gaya, da wanda ya koya masa, da mai gyaran da ya riƙe masa ita, duk suna cikin kawunan dattawa irin wannan mai albasa, kuma kullum raguwa suke. Mu ma'aikatan rediyo muna da na'urar ɗaukar magana a aljihu. Laifin namu ne in suka tafi da shi.

Ciniki dai ya faɗa, a kan saurayin zai biya kashi biyu, kuma duk ranar da tsohon mai ita ya samu bikin da ke son kiɗan kai tsaye, zai zo ya ara. Ni kuma na roƙi dattijon ya shigo shirina ranar Asabar mai zuwa. Ya ce: "Ɗana, zan zo, amma sai bayan na sallami motar albasa."