Tiyatar cire matsarmama

Tiyatar cire matsarmama, wadda likitoci ke kira kolesistektomi, aiki ne da ake yi wa mutum a fitar da matsarmamarsa, galibi saboda tsakuwar da ta taru a cikinta ko kumburin da tsakuwar ta haddasa. Tana cikin ayyukan tiyatar ciki da aka fi yi a duniya. Mutum na iya rayuwa lafiya ba tare da matsarmama ba, domin hanta ce ke samar da ruwan ɗacin da ke taimakawa wajen narkar da abinci, ita matsarmama ma'ajiya ce kawai. Bayan aikin, majinyaci yakan sami bayani iri biyu: abin da likitan tiyata ya gani da idonsa a cikin ciki, da sakamakon gwajin da aka yi wa matsarmamar da aka cire.

Matsarmama da aikinta

Matsarmama, wadda wasu ke kira maɗaciya, wata 'yar jaka ce da ke manne a ƙarƙashin hanta, a ɓangaren dama na saman ciki. Tsawonta yakan kai santimita 7 zuwa 10, kuma tana ɗaukar ruwa kimanin mililita 50. Hanta na samar da ruwan ɗaci kusan mililita 400 zuwa 800 a kowace rana. Tsakanin cin abinci da cin abinci, wani kaso na wannan ruwa yana shiga matsarmama, inda ake tsotse ruwansa ya ƙara kauri. Idan abinci mai maiƙo ya isa farkon ƙaramin hanji, hanjin yakan saki wani sinadari mai suna kolesistokinin, wanda ke sa matsarmama ta matse, ta tura ruwan ɗaci ta babban bututun ɗaci zuwa cikin hanji domin a narkar da kitse.

Idan aka cire ta, hanta ba ta daina aikinta ba. Abin da ke canzawa shi ne ruwan ɗacin yana tsiyaya kaɗan-kaɗan kai tsaye zuwa hanji, maimakon ya zo da yawa lokaci guda.

Dalilan yin tiyatar

Babban dalili shi ne tsakuwa. Mafi yawan tsakuwar matsarmama daga kolestirol take, wato nau'in kitsen da ke cikin ruwan ɗaci. Akwai kuma baƙar tsakuwa, wadda ke samuwa daga bilirubin, sinadarin da ke fitowa idan jajayen ƙwayoyin jini sun farfashe. Wannan nau'i ya fi yawa ga masu cutar sikila, shi ya sa a ƙasashe irin su Najeriya da Nijar, inda cutar ke da yawa, ake samun yara da matasa masu tsakuwar matsarmama. A ƙasashen Turai da Amurka kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na manya suna da tsakuwa, amma yawancinsu ba ta damun su, kuma ba a saba yi wa wanda ba ya jin komai tiyata ba.

Ana ba da shawarar cire matsarmama idan tsakuwar na jawo ciwo mai tsanani a saman ciki da ke zuwa yana dawowa, musamman bayan cin abinci mai maiƙo. Idan matsarmamar ta kumbura har da zazzaɓi. Idan tsakuwa ta gangara ta toshe babban bututun ɗaci ta haddasa shawara. Ko idan ta jawo kumburin fankiriyas. Haka kuma akan cire ta idan hoton sikanin ya nuna wani tsiro a bangonta da ya kai santimita 1 ko fiye.

Tarihi

Likitan nan Bajamushe Carl Langenbuch ne ya fara cire matsarmamar mutum cikin nasara, a asibitin Lazarus da ke Berlin, ranar 15 ga Yulin 1882. Kafin lokacin, abin da aka fi yi shi ne a buɗe matsarmamar a kwashe tsakuwar a bar jakar, amma tsakuwar takan sake taruwa. Fiye da shekara ɗari ana yin aikin ta hanyar babban yanka, har zuwa 1985, lokacin da Erich Mühe ya yi shi da na'urar leƙa ciki a garin Böblingen na Jamus. A 1987 Philippe Mouret ya yi irinsa a birnin Lyon na Faransa, kuma cikin 'yan shekaru sabuwar hanyar ta bazu. A 1992 wani taron masana da Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka kira ya amince da ita a matsayin hanya mai aminci ga yawancin masu fama da tsakuwa.

Yadda ake yin aikin

Ana yin tiyatar ne bayan an sa majinyaci barci gaba ɗaya, kuma takan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu. Hanyoyi biyu ne.

Ta farko ita ce laparoskofi. Likita yakan yi ƙananan huda, yawanci huɗu, kowanne bai fi santimita 1 ba ko kusa da haka, ɗaya daga cikinsu a cibiya. Ana hura iskar kabon dayoksaid cikin ciki domin a sami sarari, a zura kyamara da siraran kayan aiki. Likitan zai gano bututun matsarmama da jijiyar jinin da ke ciyar da ita, ya ɗaure kowanne da 'yan ƙananan maƙalai, ya yanke, sannan ya ɓanɓare jakar daga jikin hanta ya fito da ita ta ɗaya daga cikin hudojin. Maƙalan, waɗanda galibi na ƙarfen taitaniyam ne ko na roba ta musamman, suna zama a jiki har abada ba tare da cutarwa ba.

Ta biyu ita ce buɗaɗɗiyar tiyata, inda ake yanka mai tsawon kimanin santimita 10 zuwa 15 a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Wani lokaci ana fara aiki da kyamara, sai kumburi ko zubar jini ya hana likita gani sosai, dole ya koma babban yanka. Wannan ba kuskure ba ne, mataki ne na kiyaye lafiyar majinyaci.

Murmurewa

Wanda aka yi wa aiki da kyamara yakan koma gida a ranar ko washegari, kuma yawanci cikin mako biyu ya koma harkokinsa. Wanda aka yi wa babban yanka yakan kwana uku zuwa biyar a asibiti, warkewarsa kuma takan ɗauki mako shida zuwa takwas.

A kwanakin farko akwai ciwo a wurin yanka, kumburin ciki, tashin zuciya da kasala. Mutane da yawa kan yi mamakin jin ciwo a kafaɗar dama, alhali ba a taɓa wurin ba. Dalili shi ne ragowar iskar da aka hura tana taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyar da ke kula da shi kuwa tushenta ɗaya da jijiyoyin kafaɗa. Ciwon yakan wuce cikin 'yan kwanaki. Maƙogwaro ma kan yi zafi saboda bututun numfashin da aka sa lokacin barci. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi, irin su kodin da tiramadol, suna ɗaure ciki, don haka akan rage su da zarar farasitamol ya wadatar.

Ana so majinyaci ya tashi ya fara 'yar tafiya tun ranar farko ko ta biyu, domin hakan na rage haɗarin daskarewar jini a ƙafafu da ciwon huhu. Ɗaukar kaya mai nauyi, kamar jarkar ruwa ko buhun hatsi, da aikin ƙarfi irin su noma da daka, sai bayan makonnin da likita ya ƙayyade, don kada ƙaba ta fito a wurin yanka. Tuƙi kuma sai mutum ya iya taka birki da ƙarfi ba tare da jin zafi ba. Zaren ɗinki iri biyu ne, akwai mai narkewa da kansa, akwai wanda ake cirewa bayan kwana 7 zuwa 10.

Babu wani abinci da aka haramta har abada. Akan fara da ruwa da abu mara nauyi kamar kunu ko koko, sannan a koma abincin yau da kullum. A makonnin farko cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi, tare da rage soye-soye, kitsen nama, man shanu da miyar da ta sha mai. Wasu kan yi gudawa saboda ruwan ɗacin da ke isa babban hanji. Ga yawancinsu takan lafa cikin makonni, idan kuma ta daɗe, akwai magani mai suna kolestiramin da ke kama sinadaran ɗacin.

Masu sikila na buƙatar kulawa ta musamman: isasshen ruwa, iskar oksijin, ɗumi, wani lokaci da ƙarin jini kafin aiki, domin tiyata na iya tayar da ciwon, musamman wanda ke kama ƙirji.

Alamomin haɗari

Ana buƙatar komawa asibiti da gaggawa idan aka ga zazzaɓi ko rawar ɗari. Ciwon ciki da ke ƙaruwa maimakon raguwa. Ido ko fata sun koma rawaya. Fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari. Amai ya ƙi tsayawa. Wurin yanka ya yi ja, ya kumbura ko yana fitar da mugunya. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Ko numfashi yana sarƙewa. Waɗannan na iya nuna yoyon ruwan ɗaci, wanda ke samun kusan mutum 1 cikin 100, ko tsakuwar da ta rage a bututu, ko raunin babban bututun ɗaci. Raunin bututu shi ne matsala mafi girma a wannan aiki, kuma yana faruwa ga kimanin mutum 3 zuwa 5 cikin 1,000.

Abin da likita ya gani a lokacin aiki

Rahoton tiyata yakan bayyana yanayin matsarmamar. Idan aka rubuta cewa bangonta ya yi kauri ko ta ƙanƙance, alama ce ta kumburi da ya daɗe yana dawowa. Mannewa na nufin kitsen ciki ko hanji ya liƙe a jikinta saboda kumburin baya, abin da ke tsawaita aiki. Idan tsakuwa ta toshe bakinta, jakar kan cika da majina ko mugunya, a mafi tsanani kuma wani ɓangare na bangon ya mutu ko ya huje. Akwai yanayin da ake kira ciwon Mirizzi, inda tsakuwar da ta maƙale a wuyan matsarmama ke danne bututun hanta. An sa masa sunan likitan ƙasar Ajantina Pablo Mirizzi.

Rahoton na iya cewa an tabbatar da ganin aminci. Wannan ƙa'ida ce da Steven Strasberg da abokan aikinsa suka bayyana a 1995: ba a yanke komai sai an share wurin an ga abu biyu kacal na shiga matsarmama, wato bututunta da jijiyar jininta. Idan kumburi ya hana hakan, likita na iya cire mafi yawan jakar ya bar ɗan guntu, maimakon ya jefa babban bututu cikin haɗari. A irin wannan hali akan bar siririyar roba ta tsiyayar da ruwa na 'yan kwanaki.

Wani lokaci ana zuba ruwan hoto a bututun a ɗauki hoton eksire ana tsakiyar aiki. Kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na waɗanda ake cire wa matsarmama saboda tsakuwa suna da wata a babban bututu. Idan an same ta, ana iya fitar da ita nan take, ko daga baya ta hanyar ERCP, inda ake zura na'ura ta baki har zuwa farkon ƙaramin hanji.

Sakamakon ɗakin gwaji

A yawancin asibitoci ana aika matsarmamar ga likitan binciken tsoka, ya yayyanka ta ya duba da madubin ƙara girma. Sakamakon yakan fito cikin kwanaki ko makonni kaɗan. Abin da aka fi samu shi ne daɗaɗɗen kumburi tare da tsakuwa, wato kolesistaitis, kuma ba ya buƙatar wani magani bayan an cire jakar. Ana kuma iya ganin ɗige-ɗigen kolestirol masu launin rawaya a bango, ko ƙananan tsiro na kolestirol, ko kaurin bango mai 'yan ramuka da ake kira adenomayomatosis. Duk waɗannan ba kansa ba ne. Akwai kuma matsarmamar da bangonta ya sandare da alli har ta yi tauri kamar tangaran. Kalmar disfileziya na nufin ƙwayoyin halitta sun fara sauya kama amma ba su zama kansa ba. Abin dubawa a nan shi ne ko an cire wurin duka.

Ba kasafai ba, gwajin kan gano kansar da ba a yi zato ba, a yawancin rahotanni ga ƙasa da mutum 1 cikin 100. Cutar ta fi yawa a Chile, Bolibiya da arewacin Indiya. Matakin da za a ɗauka ya danganta da zurfinta. Idan ta tsaya a fatar ciki ta bango, matakin da ake kira T1a, cire matsarmamar kan wadatar. Idan ta kai tsokar bango ko ta wuce, akan ba da shawarar aiki na biyu, a cire ɓangaren hantar da jakar ke manne da shi da kaluluwar da ke kusa.

Rayuwa bayan tiyata

Mafi yawan mutane suna rabuwa da ciwon da ya kai su asibiti. Wasu kaɗan kan ci gaba da jin ciwo, kumburin ciki ko ƙwannafi. Sau da yawa dalilin wata cuta ce daban da ke nan tun kafin aiki, kamar gyambon ciki, wani lokaci kuma tsakuwa ce a bututu, domin tana iya sake samuwa a can ko da babu matsarmama. Ana gano hakan da gwajin jinin hanta, sikanin, ko hoton MRCP. Saboda haka ajiye rahoton tiyata da sakamakon gwaji yana da amfani, domin duk likitan da zai duba mutum nan gaba zai so sanin irin aikin da aka yi da abin da aka samu.