Tafkin Tiga da Dajin Falgore: Yawon Kallon Namun Dajin da Aka Yi Wa Harsashi Aka Bari

Wanda ya saba bin hanyar Jos daga Kano ya san inda hira ke mutuwa a cikin mota. Da an bar Tudun Wada, gonaki sun ƙare, itatuwan doka da maɗaci da kirya sun rufe titi hagu da dama, sai direba ya ƙara wuta, fasinjoji kuma kowa ya kama addu'a. An shigo Falgore ke nan. Abin da matafiya da yawa ba su sani ba shi ne, wannan dajin da ake Allah-Allah a fita daga cikinsa, an taɓa tsara shi ne domin baƙo ya biya kuɗi ya shiga ya kwana.

Turawan mulkin mallaka ne suka fara keɓe shi a ƙarshen shekarun 1940, da sunan gandun dajin Kogin Kano. A 1969 gwamnatin Audu Bako, kwamishinan 'yan sandan da ya zama gwamnan Jihar Kano na farko a 1967, ta mai da shi gandun namun daji. Faɗinsa ya kai kadada 92,000, ya ratsa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, ya kuma dangana da gandun Lame-Burra na Jihar Bauchi. Akwai ɓauna a ciki a lokacin, da gwanki da kanki da gwambaza da mugun dawa da damisa, ga garken gwaggon biri, ga burtu yana takawa cikin ciyawa kamar mai sarauta.

Audu Bako bai tsaya a daji ba. Kogin Kano da ke ratsa Falgore shi ne ya sa aka datse a Tiga, cikin ƙasar Bebeji, tsakanin 1971 da 1974. Bangon madatsar ya kai kilomita 6, tafkin kuma ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178, yana riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. An tashi ƙauyuka, ruwa ya ci gonaki da kufai, ya kewaye tuddai da duwatsu. Babbar manufar dai noman rani ce, kuma shinkafa da tumatirin Kadawa da Kura shaida ne cewa wannan ta biya. Sai dai an gina otal na Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwan, an yi wani a bakin tafkin Bagauda, an buɗe gidan zu a cikin birnin Kano. Duk wanda ya jera waɗannan a kan taswira zai ga hanya ɗaya ce aka shata: daga birni zuwa ruwa, daga ruwa zuwa daji. Wutsiyar tafkin Tiga tana can kudu wajen dajin, kuma da rani babu inda dabba za ta nufa sai bakin ruwa. Mai kwale-kwale da ya yi sammako ba ya bukatar bin sawu, naman ne zai zo ya same shi.

A daidai waɗannan shekarun, can a Tekun Fasifik, ƙasar Ekwado tana gwada irin wannan tunani a tsibiran Galapagos, waɗanda aman wutar duwatsu ya fito da su daga ƙarƙashin teku, kusan kilomita 1,000 daga gaɓa. Nan ne Charles Darwin ya sauka a 1835 ya yi nazarin tsuntsaye da manyan kunkuru. An mai da kashi 97 cikin 100 na ƙasar tsibiran gandun ƙasa a 1959, jiragen ruwa na masu yawon buɗe ido suka fara zuwa a kai a kai a ƙarshen shekarun 1960, hukumar UNESCO kuma ta sa su cikin jerin wuraren gadon duniya a 1978. Dokarsu mai tsauri ce. Baƙo ba ya taka gandun sai da ɗan jagora mai lasisi, ba ya kauce wa turbar da aka shata, jirgi kuma ba ya tsayawa sai inda aka rubuta masa. Kuɗin shiga ga baƙon waje dala 100 ne shekara da shekaru, a 2024 aka mai da shi 200, kuma mutane ba su daina tururuwa ba.

Har dutse mai aman wuta muna da namu, sai dai ya tsufa ƙwarai. Duwatsun Riruwai da ke ƙaramar hukumar Doguwa, masana ilimin ƙasa sun tabbatar saiwar wani tsohon dutsen wuta ce da ya mutu fiye da shekaru miliyan 150 da suka wuce, ruwa da iska suka cinye samansa, suka bar zoben duwatsu. Wannan wutar ce ta dafa kuzar da mutanen Riruwai suka riƙa haƙowa suna narkarwa tun kafin Bature ya san hanyar wurin, fatake suna kai ta kasuwanni masu nisa. Ina ganin da wuya a sami wani yanki a ƙasar Kano da ya haɗa tafki da daji da dutse mai irin wannan tarihi a tafiyar yini guda.

To me ya faru? An sauke Audu Bako a 1975, shekara ɗaya bayan kammala Tiga, kuma gandun daji abu ne da ke son tsaro kullum, ba na rana ɗaya ba. Ma'aikatan gandu suka yi kaɗan, kayan aiki suka lalace. Mafarauta suka shiga da bindiga, masu gawayi da masu katako suka bi da zarto, gobarar daji ta zama ta kowace shekara, shanu kuma suka cika wuraren da gwanki ke kiwo, domin burtali da makiyayar da Fulani suka sani a waje noma ya cinye su. Manyan namun suka ƙare ko suka yi ƙaura. Da dajin ya zama babu mai shi, sai ɓarayin shanu da 'yan fashi suka gaje shi, har ta kai a 2015 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta tura jami'an tsaro suka ƙwato shanu masu yawa. Daga baya aka kafa wa sojoji sansanin atisaye a ciki, aka kuma fara matsugunin makiyaya a dajin Dansoshiya na ƙasar Kiru.

Abin da ke hana ni yanke ƙauna shi ne, ba komai ne ya tafi ba. Masana tsuntsaye na duniya har yanzu suna lissafa Falgore cikin muhimman matattarar tsuntsaye a Najeriya. Gwaggon biri yana fitowa bakin titi. A Tiga kuwa, kafin rana ta fito, masunta na tura kwale-kwalensu cikin ruwa, zalɓe na tsaye a gefe, kirinjijiya na wucewa garke-garke ta kan dutsen da aka gina otal ɗin a kai.