Ɗalibin da Sorbon ta rasa yadda za ta yi da shi

Duk wanda ɗansa ya ci bak ya ce zai tafi waje karatun kimiyyar tono kayan tarihi, ko harshen Girka da Latin, tambayar farko a gida ita ce: to, da wannan za ka ci tuwo? Bari yau in ba ku labarin wani da ya tafi.

Sheik Anta Diop ɗan Senegal ne, an haife shi a 1923 a yankin Jurbel. A 1946 ya sauka Paris, ya haɗa karatun falsafa da kimiyyar nukiliya da tarihi. Ya duƙufa kan littattafan tsoffin Girkawa, musamman Herodot, wanda ya je Masar da ƙafarsa tun ƙarni na 5 kafin Annabi Isa. Daga nan Diop ya fito da maganar da ta tada ƙura: mutanen Fir'auna baƙar fata ne, kuma wayewarsu ta Afirka ce. Ya rubuta kundin dakta, amma malaman da za su zauna su saurare shi ba su samu ba. Sai ya buga shi littafi a 1954, wato Nations nègres et culture. Dakta ɗin bai zo hannunsa ba sai a watan Janairun 1960.

Ni abin da ya fi burge ni ba gardamar launin fata ba ne, don har gobe masana na ja-in-ja a kai, kamar yadda aka yi a taron UNESCO na Alƙahira a 1974. Abin da ya yi bayan ya komo gida ne. A cibiyar IFAN ta Dakar ya kafa ɗakin auna shekarun kaya da karbon 14. Duk mai rai yana ɗauke da wannan sinadari. In ya mutu, rabinsa kan zube cikin shekara 5730. To, ɗan gawayi ko ƙashi da aka tono, ana iya sanin shekarunsa ba sai an aika Turai an zauna jira ba.

Kuma ku duba ikon Allah: shugaban ƙasarsa, Senghor, shi ma ɗalibin Latin da Girkanci ne a Paris, har ya koyar da su a lise a Faransa. Amma siyasa ta raba su, a 1962 aka tsare Diop a kurkuku. Kujerar farfesa a jami'ar Dakar kuwa sai 1981.

Ya rasu ranar 7 ga Fabrairun 1986. Shekara guda bayan haka aka sa wa jami'ar sunansa, ita ce wadda ƴaƴanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa ke neman bursi su tafi.