Yadda Jan Ƙarfe Ya Zama Maganin Kifi

Sa'ad da Ibn Battuta ya sauka Takedda a shekarar 1353, cikin abubuwan da ya rubuta game da garin har da cewa ruwansa, saboda bi ta kan ma'adinan jan ƙarfe, ya sāke launi da ɗanɗano. Wannan kuwa haƙiƙa aibi ne, domin jan ƙarfe in ya narke a ruwa dafi ne ga ƙananan halittu. Sai dai wannan dafin shi ne mutane suka yi ta nema daga baya, kowa da irin bukatarsa.

Ingila ta lulluɓe gindin jirgin yaƙinta mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe a 1761, don tsutsar teku ta daina cin katako. A 1882 kuwa wani malamin ilmin tsirrai na Bordeaux a Faransa, Millardet, ya lura cewa inabin bakin hanya, wanda manoma ke yayyafa wa shuɗin gishirin jan ƙarfe da farar ƙasa don ɓarayi su ƙyamace shi, shi ne ya tsira daga cutar da ta kakkaɓe ganyen sauran gonar. Zuwa 1904 masana a Amurka sun riga sun bayyana yadda za a kashe gansakukar madatsun ruwan sha da wannan gishiri.

Kifi ya shigo lissafi a makare, ko da yake tun 1853 aka buɗe gidan kifi a gandun dabbobi na Landan. A can ne Eleanor Brown ta siffanta, a 1931, wata ƙwayar cuta mai maƙalewa a fata da wurin numfashin kifin teku, wadda ke sa a ga kifi kamar an barbaɗa masa gari, yana goga jikinsa a dutse, yana haki, har ya mutu cikin 'yan kwanaki. Kuma da yake ruwan akwatin gilashi a tsare yake, ba ya gudu balle ya tafi da annoba, sai ta mamaye duk abin da ke ciki. A 1955 Robert Dempster na gidan kifi na Steinhart a San Francisco ya wallafa yadda ya yi maganinta da gishirin jan ƙarfe, kuma abin da na fi ganin darajarsa a aikin nan shi ne maganar mizani, gama kowa ya san gishirin yana kisa, saura dai a san gwargwadon da zai kashe ƙwayar ya bar kifin.

Gwargwadon nan ɗan mitsitsi ne: tsakanin miligiram 0.15 da 0.20 a kowace lita. In ya gaza, cuta ta ci gaba da sha'aninta. In ya zarce, kifin ya ƙi abinci, numfashinsa ya lalace. Sa'an nan akwai wata hikima a rayuwar ƙwayar, wadda ta wajabta haƙuri, domin in ta ƙoshi takan faɗo ƙasa ta rufe kanta cikin ɓawo, inda magani ba ya isa gare ta, ta yi ta rarrabuwa har ta kai 256, kuma sai waɗannan sun fito suna iyo suna neman kifi jan ƙarfe ke samun iko a kansu. Saboda haka dole a riƙe mizanin mako biyu ko uku, ana auna ruwa kullum, alhali dutsen murjani da yashinsa suna shanye maganin a ɓoye.

Wannan ne sababin da ya sa masu kiwo suka ɗauki al'adar keɓe kifi mara lafiya a akwati tsirara, babu yashi, babu dutse, sai guntayen bututun roba da zai ɓuya a ciki. Jatan lande da ƙaguwa da dodon koɗi kuwa ba a kusantar da su, domin abin da kifi ke jurewa yana hallaka su, duk da cewa jinin da yawa daga cikinsu da jan ƙarfe yake ɗaukar iska, yadda namu yake ɗauka da baƙin ƙarfe.